Cikin motar nan, wa ya san hanya?

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota da Faransawa ke ce ma kampin-kar. Mu sai mu ce mata mota mai ɗaki. Daga waje kamar ƙaramar bas take. In ka leƙa ciki sai ka ga gado, da tebur, da murhun gas, da tankin ruwa, da akwatin sanyi, wata ma har da makewayi. Mai gida shi ne direba. In ya gaji sai matarshi ta karɓi tuƙi. Inda dare ya yi masu, nan ne masauki. Su dafa, su ci, su ja labule su kwanta. Gari na wayewa su ƙara gaba.

Ba fatauci ya fitar da su ba. Ba cin rani suka tafi ba, ba biki, ba ta'aziyya. Gani kawai suka fita yi. Su ga duwatsu, su ga teku, su ga yadda wasu mutane ke zaune, su komo gida.

Manyanmu da suka zauna Damagaram sun san irin wannan mota. A shekarun 1970 da 1980 Nasaru da yawa sun riƙa ratso hamada. Su baro Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ƙasarmu ta Asamaka, su biyo Arlit da Agadas da Tanut, su sauka Damagaram. Su zaga Birni da Zango, su kalli fadar Sarki, su sayi jaka wajen dukawa, sannan su nufi Kano ko Yamai. Wasu da tsohuwar Peugeot 504 suke zuwa, wadda muke ce ma Fijo, su saida ta nan, kuɗin ya maida su gida ta jirgin sama. Daga baya hanyar ta mutu. Tawayen arewa ya fara a 1990, rikicin Aljeriya ya biyo a 1992, a 2010 kuma aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar cikinsu Faransawa. Yaron yau da wuya in ya taɓa ganin mota mai ɗaki, sai dai a waya.

In aka ba mutanenmu labarin masu wannan yawo, dariya suke yi. Wani ya ce Nasara dai bai da aikin yi. Wani ya ce ƙoshi ne, wanda tukunyarshi ba ta ɗora ba ina ya ga ta kallon duwatsu? Akwai gaskiya cikin maganar, za mu zo kanta. Amma ni a ganina akwai abin da ya kamata mu ɗauka wajen mutumin nan. Motar ba ta dame ni ba, ba mu da kuɗinta, ba mu da bukatarta. Abin da na gani wajenshi shi ne, kafin ya tada mota ya riga ya san hanyarshi. Mu kuwa mun fi shi tafiya nesa ba kusa ba, amma yau da yawanmu muna shiga mota ba mu san ta ina za a bi da mu ba.

Bari in ba ku misalin tafiyar da suke so ƙwarai, ta arewacin Turai.

A ce mutum ya tashi daga Hambug, babbar tashar jiragen ruwa ta arewacin Jamus. Zai shiga ƙasar Danmak. Tsakanin Danmak da Suwidin teku ne, amma tun shekarar 2000 akwai gada bisa ruwan, tsawonta ya kusa kilomita 8. In ya haye sai ya miƙe arewa, kwana da kwanaki cikin dajin dogayen itatuwa da tabkuna. Tun ana ganin garuruwa kusa-kusa har su fara nisa da juna. Daga ƙarshe ya shiga Norwe, ya isa wani wuri da ake kira Nodkap. Wani dutse ne da ya tsaya a bakin teku, tsayinshi wajen mita 300. Nan kwalta ta ƙare, gaba sai ruwa. Tafiyar ta fi kilomita 2500, wato kamar ka je Yamai daga Damagaram sau uku. Ga kuma komowa.

Mi ya kai shi? Rana. A Nodkap daga tsakiyar watan Mayu har ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa. Ƙarfe 12 na dare tana nan a gefen sama kamar la'asar sakaliya, ta ɗan sunkuya ta sake tashi. Lokacin sanyi kuma, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Janairu, ba ta fitowa sam. Duk ajin da na faɗa ma wannan, tambayar farko ɗaya ce: to malam, salla fa, da azumi? Akwai Musulmi can, har da masallaci a garin Toromso. In lokacin ya zo da ba faɗuwar rana, da yawansu lokutan Makka suke bi. Kun ga ko wannan kaɗai ya isa mutum ya ce Allah mai iko.

Can arewa ɗin ma akwai makiyaya. Sunansu Sami. Suna kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho reshe-reshe, suna bin ta daga makiyayar sanyi zuwa ta zafi kamar yadda Fulaninmu ke yi da shanu. Direba sai ya yi hankali, don dabbobin kan tsaya tsakiyar kwalta abinsu.

To, mai wannan tafiya bai tashi haka nan ba. Tun da watanni ya shimfiɗa taswira bisa tebur. Ya ƙirga kilomita daga gari zuwa gari. Ya san lita nawa motarshi ke sha a kilomita ɗari, ya san inda gidajen mai suke, da inda za su yi wuyar samu. Ya san inda zai cika tankin ruwa, da inda aka yarda ya zubar da ƙazantar motarshi. Inda hanya ta yanke sai an shiga jirgin fito, ya san ƙarfe nawa jirgin ke tashi. Ya karanta dokokin ƙasashen: ko da rana tsaka sai ka kunna fitilar mota. A Norwe dokar 1957 ta yarda ma baƙo ya kafa tanti a daji har kwana biyu, amma sai ya nisanci gidan mutane da mita 150, ba shi kuma da izinin kutsa mota cikin gonar kowa. Ya san ranar da zai komo. Ya bar ma wani ɗan uwanshi takarda mai sunayen wuraren da zai kwana. Yaranshi na bayan mota suna bin hanyar da yatsa bisa taswira, suna karanta allunan gefen hanya da ƙarfi.

Kada mu ce wayo ne ya fi mu. Sauƙin da yake ciki yana da dalilai. A Faransa tun 1936 doka ta ba ma'aikaci hutun shekara da albashinshi na tafiya, tun 1982 kuwa hutun ya kai sati biyar. Manomin Guci wa zai biya shi hutu? Hanyoyinsu shimfiɗaɗɗu ne. Tun 1995 ƙasashen Turai da dama suka janye shingayen da ke tsakaninsu bisa yarjejeniyar Shengen, su Danmak da Suwidin da Norwe suka shiga a 2001. Mutum kan wuce iyaka uku ko huɗu, sau da yawa ba wanda ya ce mashi tsaya. Fasfonshi kuma yana buɗe mashi ƙofofin duniya. Shi da ya zo Damagaram an ce mashi maraba, an ba shi ruwa. Ɗan Damagaram in ya nemi bizar zuwa garinshi, sai ya sha tambaya kamar ɓarawon akuya, ƙarshe ma a hana shi. Wannan rashin adalci ne, ban ɓoye ba. Amma ba shi ne abin da za mu iya gyarawa daga ajinmu ba. Sanin hanya kuwa muna iyawa, don asali ma namu ne.

Ku tuna fataken da. Ayarin goro kan tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da fata da tufafi, har Gwanja, kasuwar Salaga, cikin ƙasar Gana ta yanzu. Tafiyar watanni ce. Ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya. Yana da jagaba mai shiga gaba. Yana da uban dawaki mai tattara abin da za a biya sarakunan hanya. Yana da malami mai riƙe da alƙalami da lissafi. Madugu ya san kowane zango, ya san rafin da ke ƙafewa da wanda ba ya ƙafewa, ya san garin da ake kwana da wanda ake wucewa da sauri. Ko yaron da ke kora jaki, in ya je sau ɗaya ya komo, ya san hanyar zango-zango, don da ƙafarshi ya auna ta.

Haka Buzayen ayarin gishiri masu zuwa Fashi da Bilma. Kafin su shiga Tenere sun ƙirga kwanakin da ba rijiya ba ciyawa. Sukan ɗora ma raƙuma dammunan ciyawa, su aje wasu a hanya saboda komowa. Akwai wata bishiya ɗaya tal a tsakiyar Tenere da ta zame masu alama, har aka sa ta cikin taswira. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Bishiyar da raƙuma dubbai suka wuce ba su taɓa ba, mota ce ta kashe ta.

Batun ɗaki mai tafiya kuwa, ai Bafillatana ta riga Nasara. Ta kwance ɗakinta da safe, ta ɗora bisa takarkari ko jaki, da ƙorai da gado da komi, da marece ta sake kafa shi wani wuri. Kuma ba sa tashi da ka. Sai garso ya riga ya je ya dubo ciyawa da ruwa, ya komo ya ba da labari. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, su ma gari-gari suke tambaya, su tsaya su yi noma ko ƙwadago, su tara guzurin zango na gaba. Wasu shekaru suka ɗauka. Wasu suna Sudan har yau, jikokinsu na jin Hausa.

Sai mota ta zo. A ƙarshen 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën suka ratso hamada, suka biyo ta Damagaram za su tabkin Cadi. Lokacin abin kallo ne. Yau kuwa har ƙauyen da ba kwalta, ranar kasuwa sai ka ga mota ta shigo. Mota alheri ce, ba mai musu. Tafiyar wata ta koma ta yini. Mai naƙuda ta isa asibiti. Rake da dabino da albasa sun isa kasuwa ba su lalace ba.

Amma ta karɓe mana wani abu ba mu lura ba. Da, mai tafiya shi ke tafiya. Yanzu kai shi ake. Ɗan kamasho ya karɓi kuɗinka, karen mota ya nuna maka inda za ka matsa, ka zauna tsakanin buhu da buhu, ka rufe fuska da rawani saboda ƙura. Garuruwa na wucewa ba ka san sunansu ba. Duk sanin hanya ya koma kan mutum ɗaya, direba. In mutumin kirki ne, alhamdu lillahi. In maƙaryaci ne, ko shi ma baƙon hanyar ne, to mutum hamsin sun zama kaya. Tambayi wanda ya yi cin rani sau biyar a Legas ko Fatakwal ya lissafa maka manyan garuruwan da ya ratsa bi da bi. Da yawa daga Kano sai su ce, "Daga nan dai dare ya yi."

A hanyar Kano wannan rashin sani asarar kuɗi yake jawowa, ko ɓacin rana. A hanyar hamada rai yake ci.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, cike da mutane, mafi yawansu mata da yara daga ƙasar Kance, nan maƙwabtanmu. Motocin suka lalace cikin hamada. Ruwa ya ƙare. Mutane suka watse neman rijiya. Da aka je, gawa 92 aka samu: yara 52, mata 33, maza 7. Wasu sun faɗi ba nisa da iyakar Aljeriya. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ban ce da sun iya karatu da ba su mutu ba. Karatu ba ya gyara injin mota, ba ya tono rijiya. Talauci ne ya fitar da su, kowa ya sani, kuma alhakinsu yana wuyan waɗanda suka loda su. A 2015 an yi dokar hana safarar mutane ta hamada, a ƙarshen 2023 aka soke ta. Da dokar da ba dokar, mutane ba su daina tafiya ba, kuma ba za su daina ba muddin rumbu na ƙarewa kafin damina. Tunda haka ne, sai mu yi maganar yadda ake tafiyar.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Daga Agadas zuwa Arlit wajen 240. Daga Arlit zuwa Tamanrasat ya fi 600, kuma babban rabonshi ba gari ba inuwa. A ce mota ta ɗauki mutum 50. A ce kowane mutum zai sha lita 5 a yini, wanda cikin zafin hamada ba yawa ba ne. Lita 250 ke nan a yini ɗaya. In aka yi kwana uku, lita 750. Duro mai lita 200 sai an cika kusan huɗu. In mota ta lalace aka ƙara kwana uku fa? Sai takwas. Wanda ya iya wannan lissafi, kafin ya miƙa kuɗinshi zai zaga motar ya ƙirga duro da jarkoki. In ya ga duro ɗaya da jarka biyar, ya san abin da ya gani. Yana iya fasawa. Yana iya tara abokan tafiya su ce ma direba a ƙaro ruwa ko a maida masu kuɗinsu. Mutum ɗaya mai lissafi cikin mota yana iya zama garson sauran.

Wani zai ce, malam, ai tsari na Allah ne, abin da ya rubuta ba makawa. Haka ne. Amma malamanmu sun koya mana tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminshi. Madugun da ma da addu'a yake tashi, amma bai taɓa barin salka ba ruwa ba.

Wani kuma zai ce yanzu ai waya ta wadatar, tana da taswira, tana magana, in kana da saƙo ka danna ka faɗa da baki a WhatsApp. Samari da yawa da wannan hujja suke guje ma aji. To, taswirar waya ma rubutu ce. Sunan garin a rubuce yake, kilomita da lamba take. Wanda bai iya karatu ba in ya buɗe ta, zane kawai yake gani. Ban da haka, waya tana da iyaka. Inda sabis ya ƙare ta yi shiru, inda caji ya ƙare ta zama dutse. Takardar da ke aljihunka ba ta neman caji. Kuma in aka ƙwace wayar, ko ta faɗi, lambar wa ka riƙe a kai? Mutanenmu da ake korowa daga Aljeriya, da baƙin da ake zubarwa wajen kilomita 15 daga Asamaka su ƙarasa a ƙasa, da yawa ba waya suke isowa. Wanda ya rubuta lambar gida a ƴar takarda ya ɗinke cikin riga, shi ke fara sanar da iyalinshi yana raye.

Mu bar hamada, mu komo hanyarmu ta kullum, ta Najeriya. Mutumin Guci ko Dungas ko Malawa, Maigatari ta fi mashi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Can muke kai dabba ranar Alhamis, can ƴan uwanmu suke, harshe ɗaya, aure ɗaya. Shi ya sa muke mance cewa iyaka ce. Amma iyakar tana tuna mana da kanta. Najeriya ta rufe ta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Tun 1979 ƙungiyar Sedeyawo ta yarda ɗan ƙasashenta ya shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar, tare da Mali da Burkina Faso. Kun ga cikin shekara shida sau nawa abu ya canza. Abin da wanka ya sani lokacin da ya yi tashi tafiyar, mai yiwuwa yau ba haka yake ba. Sai an tambaya, sai an saurari rediyo, sai an karanta abin da aka liƙa a bakin ofis.

Takardu kuma, ƴan uwa, mu daina wasa da su. Katin ɗan ƙasa yana da ranar mutuwa a rubuce a jikinshi. Mutum nawa ne ke yawo da mataccen kati bai sani ba, sai an tsaida mota an sauke shi? Nan zai tsaya yana roƙo, sauran fasinja na tsaki, ƙarshe ya kwance bakin zani ko aljihu. In an ce ka biya tara, akwai rasit. Wanda ya iya karatu zai duba ko abin da aka rubuta shi ne abin da ya biya. Sau da yawa ma, daga an ga mutum ya ɗaga takarda yana karantawa a natse, magana takan canza. Katin allurar rigakafi, takardar haihuwar yaron da ke tare da kai, takardar dabbobin da ka ɗauko, duk ka san wace ce wace. Kada ka dunƙule su cikin leda ka miƙa gaba ɗaya kamar mai ba da sadaka.

Mata, maganar nan taku ce fiye da kowa. Ku duba lissafin 2013 ku ga su wa suka fi yawa. Mace takan tafi da goyo da yara biyu uku, wata ce ta yi mata hanya, wata ce ta riƙe kuɗin, ita ko sunan garin da za ta ba ta iya faɗa daidai ba. Wadda ta zauna aji wata shida tana iya karanta allon gari, tana iya rubuta sunanta da na ƙauyenta da lambar mijinta ko ɗan uwanta. Wannan ba ƙaramin guzuri ba ne.

Saura abu ɗaya da mai mota mai ɗaki ke yi, wanda ya fi burge ni. In ya tsaya da dare yakan ɗauko littafi ya rubuta abin da ya gani. Wannan ɗabi'a tasu tsohuwa ce. Wani Bajamushe, Bart, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, haifaffen Hambug ɗin nan da muka ambata, ya zaga ƙasashenmu daga 1850 zuwa 1855. Ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Kowane zango sai ya rubuta sunanshi, da nisanshi, da rijiyarshi, da abin da ake saidawa a kasuwarshi. Da ya koma ya fitar da littafi mai juzu'i biyar. Har yau masu binciken tarihinmu suna buɗa shi.

Amma ba shi nake so ku riƙe ba. Cikin masu yi mashi hidima akwai wani yaro Bahaushe, sunanshi Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas ta ƙasar Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, abokin tafiyar Bart ya fanshe shi. Ya bi Bart har Tambutu. A 1855 ya ratsa hamada tare da shi zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Faransa har Landan, ya je har Jamus. A Ingila ya zauna gidan wani malamin mishan, Shon, mai nazarin Hausa. Dorugu ya riƙa ba shi labarin rayuwarshi da tafiyarshi da Hausa, shi kuwa yana rubutawa: garuruwan da suka bi, teku, yadda Turawa ke zama cin abinci. A 1885 aka buga labarin cikin littafin Magana Hausa. Yana cikin labaran Hausa na farko-farko da aka buga da boko. Dorugu da kanshi ya koyi karatu da rubutu, ya komo, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, can ya rasu a 1912.

Ku duba fa. Yaron ƙauye ne daga nan yammacinmu, ba ɗan sarki ba, ba ɗan malami ba. Bayi nawa aka ratsa hamada da su a zamaninshi? Ba su ƙirguwa. Mafi yawansu ba mu san sunansu ba, ba mu san abin da idonsu ya gani ba. Nashi ya saura don an sa shi a takarda. Yau samarin Guci sun je Libiya, sun je Abijan, sun je Kwatano, sun je wuraren haƙar zinariya na Jado. In suka komo, labarin yakan ƙare a dandali cikin sati biyu, rabi gaskiya rabi cika baki. Ƙanensu in ya tashi tafiya, daga farko zai fara, ya faɗa ramin da wanshi ya faɗa.

Kuma ba sai tafiyar neman kuɗi kaɗai ake rubutawa ba. Akwai wanda ya san Legas amma bai taɓa tsayawa ya kalli tabkin Gidimuni ba, bai taɓa shiga Birnin Damagaram ya ga fada ba, alhali garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926. Yawon gani bai zama sai da mota mai gado ba. Amalanke ma ta isa, ko babur, in an gama girbi.

Ga abin da nake so mu yi a ajinmu bana, sauran azuzuwan Dungas da Magariya ma in sun ga dama su ɗauka. Duk wanda zai yi tafiya da rani, namiji ko mace, ya tafi da ƙaramin kaye da biro. Ba dogon rubutu ake nema ba. A shafin farko sunanka, da ƙauyenka, da lambar mutum biyu na gida. Daga nan kowace rana layi huɗu ko biyar: garin da ka tashi, garin da ka sauka, awa nawa, kuɗin mota nawa, shinge nawa da takardar da aka tambaya, inda aka samu ruwa, inda ka kwana da yadda wurin yake. In ka ga allon gari ka kwafe sunan yadda yake, ko da Faransanci ne ko Turanci, in ka komo mu karanta tare. Wanda hannunshi bai faɗa ba tukuna ya rubuta lambobi kawai, sauran ya faɗa da baki wani ya rubuta mashi, yadda Dorugu ya fara.

In damina ta kusa, matafiya sun komo, sai mu tara kayen duka. Mu ware hanyar Kano daban, ta Agadas daban, ta Difa daban, mu kwafe cikin babban littafi ɗaya da zai zauna a aji, mai niyyar tafiya ya zo ya duba ko a karanta mashi. Kowace shekara a gyara abin da ya canza. Ba sai mun jira masu nisa ba. Masu zuwa Maigatari ranar Alhamis mai zuwa su za su fara: ƙarfe nawa kuka tashi, ƙauyuka nawa kuka ratsa da sunayensu, nawa kuka biya kan kowace akuya, ƙarfe nawa kuka iso.